An Turke Badaru

A Babban Mutum aka haifi Badaru, can ƙasar Baure, dab da iyaka. Sunan garin ne kawai haka. Shi dai Badaru har furfura ta fara fito masa ba wanda ya taɓa tashi ya ba shi wurin zama.

Ɗan kora ne. Wato in fatake sun sayi shanu a karar Mai'adua ranar Lahadi, su sai su haye mota su yi gaba abinsu, shi da ire-irensa su biyo da shanun a ƙasa, ta Daura, ta Kazaure, ta Dambatta, har Kano. Kayan aikinsa sanda ne da malfa da gorar ruwa, sai takalmin taya wanda in ya jefi kare da shi, karen nan ya bar unguwar ke nan. Ƙwaurinsa siriri kamar sandar tasa, jijiyoyi a miƙe, tafin ƙafa kuwa ƙaya ce ke jin tsoronsa. Matarsa Larai takan ce ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, don kullum tafiya yake.

Da tireloli suka zo suka kwashe shanun, kora ta mutu. Badaru ya tattaro iyalinsa ya dawo Daura, ya riƙa bin kasuwanni yana kama wa dillalai igiya, yau Mai'adua, gobe Mashi, jibi wani wurin. Ko a lokacin, in tafiyar ba ta kai a biya mota ba, to a ƙafa zai yi ta. Bai taɓa sanin yana da baya ba. Mutum ai ba ya tunawa da bayansa sai ranar da bayan ya kira shi.

Sai Allah ya buɗa wa Hafizu. Hafizu shi ne ɗansa na fari, don haka Badaru bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, har yaron nan ya tara gemu da 'ya'ya. Ba su doguwar hira, ba su gardama, ko ido ba su cika haɗawa ba. Hafizu ya shiga harkar dabino da wake ta iyakar Kwangwalam, abu ya karɓe shi, kuma yaron kirki ne, wannan ba mai musu. Ya kai uban Makka, Badaru ya dawo Alhaji. Ya buɗe masa shagon abincin dabbobi a bakin kasuwa, dusa da ƙowa da harawa da kanwa, ya zuba masu awo da masu ɗauka. Sannan ya kawo kujerar.

Daga Kano aka zo da ita, baƙa, mai hannuwa, mai juyawa, ledarta ma ba a cire ba. Hafizu ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa.

"Baba, wahalar da ka sha ta isa. Daga yau ƙafarka ta huta."

Badaru ya dubi gefe ya ce, "Allah ya yi albarka."

Ƙafa kuwa ta huta. Da safe mota ta sauke shi a ƙofar shago, ya zauna. Koko ya same shi a nan, tuwon rana ya same shi a nan. Ruwan alwala a buta ake miƙo masa, masallaci kuma ga shi manne da shagon, in ya yi tuntuɓe ma a sahu zai faɗi. Da yamma majalisa ce ke zuwa wurinsa, ba shi ke zuwa majalisa ba. Magariba mota ta mayar da shi gida, ya sauka daga kujera ya hau kushin. Duk wanda ya wuce sai ya rage tsawo ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji."

Gaskiya da fari ya ji daɗin abin. In ba kowa a shagon, yakan ɗan tura ƙafa ya juya kujerar, ya zagayo, ya gyara hula kamar ba shi ba. Tumbi ya fito, wuya ya yi kauri, ƙeya ta yi ninki. Mutane suka ce hutu ya karɓi Alhaji.

Ciwon a kwankwaso ya fara, kamar an manta da tsinke a ciki. In zai tashi sai ya dafa hannun kujera ya tsaya a sunkuye tukuna, kamar mai neman abin da ya faɗi, sannan ya miƙe a hankali. Bayan wani lokaci abin ya gangara ta ɗuwawun hagu ya bi cinya, ya sauka har yatsu, yana jin kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata. Kafin la'asar idon sawunsa ya kumbura, in ya danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ga ƙishirwa, ga nauyin kai, ga haki in ya tsallaka kwata.

Majalisa ta yanke hukunci cewa basir ne. Aka sayo jarka guda daga wurin mai magani da lasifika, ya sha har ya ga duhu. Wasu suka ce sanyi ne. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a gadon baya, ya nuna wa kowa baƙin jinin da ya fito. Kuma duk wanda ya ba da magani, da magana ɗaya yake rufewa: a samu hutu sosai.

Mutum ɗaya ne bai ce masa sannu ba, wato Dabo. Dabo ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, tare suka yi kora suna samari. Har yanzu busasshe ne kamar kilishi, yana kiwon 'yan awakinsa a bayan gari. Ran nan ya shigo sayen dusa, ya tsaya ya ƙare wa Badaru kallo tun daga hula har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ragon Hafizu. Wace kasuwar za a kai ka?"

"Ji bawa," in ji Badaru. "Haka ake gaida ubangida? Durƙusa."

"In na durƙusa ni zan iya tashi. Kai fa?" Dabo ya zagaya bayan kujerar yana taɓa ta. "Wallahi an turke ka, Badaru. Ga turke, ga dusa a gefenka, ga ruwa an ajiye maka. Wuƙa kaɗai ta rage."

Majalisa ta fashe da dariya, har da mai tafawa. Badaru ma ya yi dariya, ya ce a auna wa bawan nan dusa ya tafi kafin ya sa a ɗaure shi. Amma da Dabo ya fita, maganar ba ta bi shi ba, nan ta zauna.

Don in akwai wanda ya san turka a garin nan, Badaru ne. Dabbar turka ɗaure ta ake yi wuri ɗaya, a yi ta ɗura mata abinci, ba a bari ta taka ko nan da can don kada kitsen ya zube. Ta yi kyau a ido, ta yi sheƙi. Amma kofatonta sai ya yi tsawo ya lanƙwashe, gwiwa ta mutu. Zamanin kora, in aka haɗa su da bijimin turka sai ran kowa ya ɓaci, don sun san ba zai kai Kazaure ba. Zai fara jan ƙafar baya, ya fara tsayawa, sannan ya kwanta a tsakiyar hanya. A yi duka, a murɗa wutsiya, a zuba masa ruwa a hanci, ba zai tashi ba. Daga nan sai a aika ƙauye mafi kusa a nemo mahauci.

Ranar da aka tafi asibiti, daga sujada abin ya faru. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Badaru bai ɗago ba. Sai da aka sallame mutum biyu suka kama shi ta hammata. Hafizu ya zo da mota a guje.

Aka ɗauki hoton baya, aka auna jini. Likitan matashi ne, mai yawan kallon mutum cikin ido. Ya ce, "Baba, wace sana'a kake yi?"

"Ba na komai, likita. Yara sun hutar da ni."

"To hutun ne ke cin ka." Ya ɗaga hoton ya nuna wani wuri da biro. Ya ce ƙashin baya ya danne jijiyar da ke zuwa ƙafa, naman da ke riƙe bayan kuma ya saki saboda zama. Jini ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, duk gidansu ɗaya. Ya ce zai rubuta ƙwayoyi, amma rabin maganin a ƙafarsa yake. Kada ya daɗe a zaune bai tashi ya zagaya ba, kuma kullum ya yi tafiya har ya ɗan yi gumi. Kada dai ya ɗauki kaya mai nauyi. "Sannan ka riƙe wannan, Baba. Zafin da kake ji ba shi ne abin tsoro ba. Ranar da ƙafar ta yi shiru, ka ji kamar ba taka ba ce, kada ka jira komai, ka zo."

Hafizu na tsaye yana gyaɗa kai, yana cewa in sha Allahu. Suna fitowa ya ce wa direba, yadda uban zai ji, "Likitocin yanzu sai a hankali. Dattijo na ciwon baya, a ce ya shiga gari yawo?" A duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnensa shi ne kada Baba ya ɗauki kaya mai nauyi. Washegari aka kawo matashi mai laushi aka ƙara wa kujerar.

Badaru dai ya ji abin da likita ya ce, kuma ya yarda, don ya taɓa gani a jikin shanun turka. Da la'asar ta yi sanyi ya tashi ya fita, ya kama hanyar gida a ƙafa. Bai wuce shago uku ba ɗan acaɓa ya ci burki a gabansa.

"Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace? Hau mu je."

"A'a, ɗana, tafiya nake yi."

"Ai na gani, shi ya sa na tsaya."

"Nufina, tafiyar nake so."

Mutumin ya kashe mashin, fuskarsa ta canza. "Ko na yi maka wani laifi ne, Alhaji? Ni fa ba kuɗi zan karɓa ba. Kai ka ba babanmu dusa lokacin da tunkiyarsa ta haihu."

To ya za ka yi da mutumin da ya zo maka da alheri? Badaru ya tattara riga ya hau.

Haka aka yi ta yi. In ya kuɓuce wa mai mashin, mai mota zai tsaya. In ya bi lungu, wani zai fito daga zaure da tabarma ya ce Alhaji a zauna a huta, ga ruwa. Akwai wanda ya sauke matarsa a bakin hanya don ya ɗauke shi. A Daura, mai babbar riga ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili, in kuma bai faɗi dalilin ba, gari zai samo masa. Kafin a jima magana ta zagaya cewa Hafizu ya karye, an kama masa kaya a iyaka, har motar uban ya sayar. Wasu suka ce a'a, faɗa suka yi, uban ya rantse ba zai ƙara hawa abin ɗansa ba.

Hafizu ya zo gida bayan sallar isha'i, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, idonsa ya yi ja.

"Baba, in wani abu na yi, a faɗa mini a cikin gida. Kada a faɗa wa gari."

Bakin Badaru cike da magana. Yana so ya ce yaro, ƙafata ce ke mutuwa, ba kai nake tona wa asiri ba. Amma tsakaninsa da ɗan fari ba a taɓa yin irin wannan zancen ba, bai san ta inda ake fara shi ba. Larai na tsakar gida tana ji, ita kuwa kunyarta ta fi tasa. Ya dubi bango ya ce, "Ba komai. Tashi, Allah ya yi albarka."

Dabarar rago shi ya samo ta da kansa. Yana zaune a shago ya ga wani dattijo ya wuce janye da rago, mashina na gifta shi ba wanda ya ko kalle shi. Mai jan dabba ai yana da dalili, kuma ba wanda zai ce ya hau da ragon. Ranar kasuwa Badaru ya sa aka kawo masa ɗan balami fari, mai dogayen ƙafafu. Ya ce na layya ne, da hannunsa yake so ya yi kiwonsa.

Wannan kam gari ya karɓa. Aka ce Alhaji ya tuna zamanin kora, sha'awa ce irin ta manya. Kullum da yamma sai ya kama igiya su fita bayan gari, su bi hanyar gonaki, ragon na gaba yana jan sa. Da fari kaɗan yake yi ya zauna a gindin bishiya yana haki. A hankali hakin ya ragu, kiyashin nan suka janye daga cinya suka koma yatsu, kumburin ya saɓe. Ya koma yin ruku'u ba tare da cije leɓe ba. Har ya fara yi wa ragon irin kiran da suke yi wa shanu a da, Dabo ya ji ya ce tsufa ya zo da hauka.

Sai dai ragon da ke zaga gari kullum ba ya ajiye kitse. Duk dusar da ake ba shi a hanya take ƙarewa. Ya yi tsawo, ya yi ƙarfi, ciki a ɗame kamar barewa. Da layya ta matso, mutane suka fara fito da ragunansu ƙofar gida ana kallo, sai aka samu abin faɗa. A majalisu ana cewa ragon Alhaji Badaru ba na yanka ba ne, na tsere ne. Wai mai shagon dusa guda, ragonsa na fama da yunwa. Maganar ta kai kunnen Hafizu.

Wata safiya Badaru ya fito ya tarar ba rago. An kai shi gidan Hafizu an turke, an jibge masa ƙowa da harawa.

"Baba, ragon layyarka ne, mutane za su zo gani," in ji Hafizu. "'Yan makonni ne kawai ya ɗan cika. Bayan Sallah in sayo maka ƙarami ka ci gaba da sha'awarka."

Badaru ya aiki Dabo ya je ya yi masa bayani, tunda shi bakinsa ba ya nauyi. Dabo ya je ya zauna, ya cire wasa, ya ce wa Hafizu ragon nan shi ne maganin ubanka, in ka ɗaure shi ubanka ka ɗaure. Hafizu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Dabo, kai dai ba ka gajiya. Yanzu kuma rago ne likita?"

Ya sa aka ba shi shadda ta Sallah, ya rako shi har ƙofa. Mutumin da ya shekara yana tsokana, ranar da ya zo da gaskiya ma dariya ake yi.

Badaru ya ce wa kansa 'yan makonni ba komai ba ne. Ga shi kuma lokacin cinikin shagon ke nan, duk mai rago na neman dusa, ba a rufewa sai duhu ya fara. Ya koma kujera tun safe. Kiyashin suka hauro, suka wuce gwiwa, zafin ya dawo har ya fi na da. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, ya tashi da safe ya ji zafin ya ɗauke ɗif. Larai ta ce alhamdu lillahi, ƙahon nan ne sai yanzu ya yi aiki. Da ta fita, ya mintsini ƙwaurinsa na hagu da ƙarfi, yana kallon fatar ta tattare tsakanin yatsunsa. Ya sake mintsina. Sannan ya ja riga ya rufe, ya ce bari dai a ga bayan Sallah.

Ranar Idi ita ce rana ɗaya da babban mutum zai taka a ƙasa ba a tambaye shi dalili ba, don kowa ya san lada ne. Badaru ya ce a ƙafa zai je. Hafizu bai iya musu ba, amma ya sa mota ta biyo su a baya sannu a hankali. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, hanya cike da jama'a ana kabbara. Dabo na gefensa cikin sabuwar shadda, yana cewa yau an kwance rago, a kauce kada ya yi tunkuyi.

Ƙafar dama na tafiya daidai. Ta hagu kuwa sai ya ɗaga ta tun daga ƙugu ya jefa, ta faɗi a ƙasa da kanta. Ya ci gaba a haka, yana kabbara, yana kallon gaba. Can ya lura Dabo ya daina magana.

"Badaru," in ji Dabo. Ba rago, ba ranka ya daɗe. "Tsaya."

Ya tsaya. Dabo na nuna bayansu. Takalminsa na hagu na can nesa, kife a bakin kwalbati, mutane na kauce masa. Daga wurin har inda yake tsaye, sawu ɗaya na takalmi ne, ɗaya na tafin ƙafa, kuma a 'yan na ƙarshen akwai ja. Ya sunkuyar da kai ya ga babban yatsansa ya fashe, jini na bin laka. Bai san lokacin da aka yi ba.

Hafizu ya fito daga mota da gudu ya ɗauko takalmin. Ya durƙusa a cikin laka da farar shaddarsa, ya ɗora ƙafar uban a kan cinyarsa, ya goge da hankici, ya ɗaure yatsan. Masu wucewa na cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irin wannan. Badaru na dafe da kafaɗar Dabo, yana kallon hannuwan ɗansa na juya wata ƙafa suna cusa ta a takalmi.

"Ya shiga?" ya tambaya.

Hafizu ya ɗago. "Ya shiga mana, Baba. Bai matse ka ba?"

Badaru ya dubi ƙafar. Sannan, karo na farko tun da aka haifi yaron, ya dube shi cikin ido.

"Hafizu. Kai ni wurin likitan nan."

Jin sunansa a bakin uban ya sa Hafizu ya sunkuyar da kai da sauri, kamar an kama shi yana laifi. Ya miƙe ya buɗe ƙofar mota.

"Yau Sallah, Baba, wa za mu samu? Ga liman ya kusa isowa, ga yanka na jiranka a gida. Tuntuɓe ne kawai. Shiga ka zauna, in an kwana biyu sai mu je."

Dabo ya buɗe baki, ya dubi jama'ar da ta fara taruwa, ya rufe. Badaru ya juya ya zauna a bakin kujerar motar, ya shigar da ƙafar dama. Ya jira ta hagun ta biyo. Da ya ga ba ta da niyya, sai ya sa hannu biyu ya kama ta ta ƙarƙashin gwiwa, ya ɗago ta ya ajiye a ciki. Hafizu ya tattara masa bakin riga, ya rufe ƙofar a hankali don kada ta buge shi.